Yadda Za Ka Kalli About Time Ka Ji Daɗinsa Ba Tare da Ya Ruɗe Ka Ba

Sau huɗu na kalli fim ɗin About Time, kuma kowane kallo da abin da ya bar mini. Na farko ni kaɗai ne a waya, ina gwauro, na ɗauke shi labarin soyayya kawai. Na biyu tare da maiɗakina, ita ce ta nuna mini wani aibi da idona bai gani ba. Na uku bayan rasuwar mahaifina da 'yan watanni, ranar ban iya kai shi ƙarshe a zama ɗaya ba. Na huɗu kuwa da biro da takarda a hannu, don abokai sun yi ta tambayata ko ya cancanci awa biyunsu. Ya cancanta, amma akwai yadda ake shigarsa. Zan faɗi ƙarshen labarin a nan, saboda haka wanda ba ya son a ɓata masa, ya je ya kalla tukuna ya dawo.

Ka fara da sanin wanda ya yi shi. Fim ɗin Ingila ne na 2013, Richard Curtis ya rubuta kuma ya ba da umarni, shi ne dai mai Love Actually na 2003. Mutum ne da ya ƙware wajen nuna mutanen kirki masu yawan kunya da in'ina a gaban mace, ba ya damuwa da kimiyya ko kaɗan. In ka zo neman na'ura mai fitilu da lissafin yadda ake tsaga zamani, ka yi ɓatan kai. A nan Tim, wanda Domhnall Gleeson ya fito a matsayinsa, ya cika shekara 21, sai mahaifinsa ya kira shi ɗaki a gidansu da ke bakin teku a Cornwall ya gaya masa sirrin zuri'arsu: mazan gidan suna iya komawa baya cikin rayuwarsu. Mutum zai shiga wuri mai duhu, ko da kabad ɗin kaya ne, ya dunƙule hannuwa, ya tuna lokacin da yake so, shi ke nan. Ba a bayyana dalili ba, kuma kada ka jira a bayyana.

Kafin ka kunna, ka sallami yara su kwanta. Akwai maganganun da ba su dace da kunnensu ba, akwai kuma wurin da Tim ya maimaita darensa na farko da budurwarsa Mary har sau uku, tun ba su yi aure ba. Rimot ya kasance kusa da kai. Ka kuma kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, domin Turancin Ingila ne mai sauri, kuma Bill Nighy, wanda ya fito a uban, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tauna kalmomi. Rabin daɗin fim ɗin a bakinsa yake, in ya wuce ka an yi asara.

Minti talatin na farko, ka sa ido a kan Charlotte, baƙuwar da ta zo hutun bazara gidansu, wadda Margot Robbie ta fito a matsayinta. Tim ya yi ta nuƙu-nuƙu har daren tafiyarta sannan ya furta, ta ce ai da ya faɗa tun da wuri. Ya shiga kabad ya koma baya ya faɗa da wuri, ta ce ya bari sai daren ƙarshe ya sake tambaya. Da wannan ɗan wasan fim ɗin ya kafa dokarsa mafi muhimmanci, cewa komawa baya ba ya sa wadda ba ta son ka ta so ka. Ka riƙe wannan doka da kyau, domin nan gaba za ka auna fim ɗin da ita, kuma ba ko'ina ya cika mudun ba.

Daga nan Tim ya koma Landan yana aikin lauya, yana zaune gidan Harry, wani marubucin wasan kwaikwayo mai baƙar zuciya, abokin mahaifinsa. Ya haɗu da Mary, wato Rachel McAdams, a wani gidan cin abinci da ake ci cikin duhu ƙirin, makafi ne ke kawo abincin. Sun yi hira awanni ba su ga fuskar juna ba, da suka fito titi ta ba shi lambarta. Ni a wurina wannan ne wuri mafi gaskiya a soyayyarsu, don ba a yi amfani da kabad ba. Da ya isa gida ya tarar wasan Harry ya lalace a daren buɗe shi saboda ɗan wasa ya manta maganarsa, sai ya koma baya ya gyara. Da ya duba waya, babu lambar Mary. Daren da ya kashe a gidan wasa ya shafe daren da ya haɗu da ita.

A nan ne nake so ka dakatar da fim ɗin ka sha ruwa, domin abin da ke tafe shi ne aibin da ya fi girma.

Tim ya tuna Mary ta ce tana son Kate Moss, shahararriyar mai tallan kayan ƙawa, sai ya yi kwanaki yana zaman jira a wurin baje kolin hotunanta har Mary ta zo. Ya tarar ta yi saurayi. Ya bi ta da tambayoyi har ya gano ranar da wurin da suka haɗu, ya koma can ya riga saurayin isa, ya ɗauki kalmomin da ita kanta ta gaya masa a wata rayuwar da ta manta ya mayar mata da su kamar nasa ne. Ta yi mamakin yadda ra'ayinsu ya zo ɗaya. Kallona na farko dariya na yi. A kallo na biyu maiɗakina ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Abban yara, wannan ai ba neman aure ba ne, an yi mata dabara ne. Kuma ka lura, har yanzu bai gaya mata ba." Na ce ta jira, ai zai gaya mata. Muka kai ƙarshe bai faɗa ba. Sun yi aure, sun haifi 'ya'ya uku, Mary ba ta taɓa sanin cewa mijinta yana goge ranaku daga rayuwarta yana sake rubuta su ba.

Shawarata kada ka nema wa fim ɗin uzuri a nan. Kiɗa mai daɗi da fuskar Tim ta marar laifi za su so su lallashe ka, kai dai ka tambayi kanka: da 'yarka ce ko ƙanwarka, za ka yarda? Masu kare shi suna cewa ai sun riga sun so juna a duhu kafin komai, saboda haka ya maido abin da ya ɓata ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ban tsani Tim ba. Amma wanda ya san amsoshi kafin a shiga jarrabawa, ko da ɗalibi ne mai ƙoƙari, bai kyauta wa sauran ba. Kuma abin yana ƙara damuna idan na tuna McAdams ta fito a The Time Traveler's Wife a 2009 da Midnight in Paris a 2011, duk namiji ne ke yawo a zamani, ita tana nan inda aka bar ta.

Bayan ka amince da wannan aibin, sai ka saki jiki da abin da fim ɗin ya iya. Ka kalli yadda aka nuna watannin soyayyarsu a tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa guda ɗaya, suna shigowa suna fita, tufafi na canzawa, makaɗan bakin hanya suna nan suna waƙa. Ka kalli ranar aurensu, amarya cikin jar riga, iska da ruwan sama suka kwashe rumfa, baƙi suka jiƙe sharkaf. Tim ya tambaye ta ko da ta so wata ranar daban, ta ce a'a, shi kuma bai taɓa ranar ba. Abin da ya yi ta maimaitawa shi ne zaɓen babban aboki mai jawabi, har ya ƙare a kan mahaifinsa. Daga wannan jawabin ne za ka gane fim ɗin ya fara sauya alƙibla.

Game da dokokin tafiyar, ga yadda nake yi: ina lura da su, amma ba na barin su cinye mini kallo. Suna da ramuka, kuma gara ka san su tun yanzu. An ce maza kaɗai ke iyawa, sai ga Tim ya kama hannun ƙanwarsa Kit Kat ya tafi da ita baya don ya raba ta da saurayin da ya jefa ta cikin shaye-shaye har ta yi hatsarin mota. An ce baya kawai ake zuwa, amma kullum yana dawowa yau cikin ƙiftawar ido. Da ya dawo daga gyaran rayuwar Kit Kat ya tarar 'yarsa Posy ta zama wani yaro namiji da bai sani ba, sai uban ya bayyana masa cewa in ka canza wani abu kafin haihuwar ɗanka, wani ɗan daban za ka samu. Dalilin da ya bayar ya shafi lokacin shigar ciki ne, amma fim ɗin ya sa iyakar a ranar haihuwa, wata tara tsakani. In kana cikin masu kallo da lissafi, waɗannan za su yi maka ƙaiƙayi. Ni na ga dokar haihuwar an kawo ta ne don a tilasta wa Tim zaɓi, kuma zaɓin ya isa a yafe ramin. Ya janye gyaran, ya bar hatsarin ya faru, shi da Mary suka zauna a bakin gadon Kit Kat a asibiti suka ƙi tashi har ta yanke shawarar rabuwa da mutumin da kanta. Wannan ya fi duk wata shiga kabad tasiri a zuciyata.

Sai kashi na ƙarshe, wanda saboda shi nake cewa a kalli fim ɗin. Uban yana da sankara, kuma ba abin da komawa baya zai yi mata ba tare da an shafe 'ya'yan da aka haifa ba. A nan za ka fahimci dalilin da ya sa ya bar aiki yana da shekara 50, ya zauna gida yana karatun littattafai yana buga ƙwallon tebur da ɗansa. Ya san ranar tana zuwa. Bayan rasuwarsa Tim ya ci gaba da komawa yana ziyartarsa, har a ranar jana'izar ya sulale ya je suka yi hira. Da Mary ta nemi su haifi na uku, ya san haihuwar za ta rufe wannan ƙofa har abada, ya kuma yarda. Ziyarar ƙarshe suka buga ƙwallon tebur, sannan suka koma tare zuwa lokacin da Tim yake ƙaramin yaro, suna gudu a bakin teku suna jifa da duwatsu cikin ruwa. Wannan tafiyar ma ta karya dokar haihuwa, na sani, kuma ban damu ba.

In ka rasa mahaifi kwanan nan, kada ka kalli wannan kashin kai kaɗai da dare. Ni na yi, kuma na sha wuya. Mahaifina bayan sallar isha'i yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida da 'yar rediyonsa, ya ce in zauna mu ji labarai. Sau da yawa nakan ce ina da wurin zuwa. Da na ga Tim ya shiga duhu ya fito ya tarar da ubansa zaune da littafi, abin da ya zo mini shi ne tabarmar nan, da yawan dararen da na wuce ta. Na kashe wayar na yi alwala. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, kuma mun taso da hadisin da ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", aka umarce mu mu ce Allah ne ya ƙaddara. Fim ɗin gaba ɗayansa an gina shi a kan wannan "da" ɗin ne, shi ya sa yake da daɗi, shi ya sa kuma yake iya tayar da miki. Ka shige shi da saninka cewa tatsuniya ce, ka fito ka yi wa naka addu'a.

Akwai shawarar da uban ya bar wa Tim, cewa ya rayu kowace rana sau biyu, na farko da damuwarta, na biyu yana lura da daɗin da ya wuce shi. Ka kula da yadda aka ɗauki ranar gwajin: mai sayar da abinci da ta yi masa murmushi bai gani ba sai a karo na biyu, kyan ginin kotun da ya ratsa a guje, mutumin da kiɗan kunnensa ya dame shi a jirgi. Daga baya Tim ya daina tafiyar kwata-kwata. Saƙon yana da kyau, sai dai ka tuna wanda ke faɗarsa lauya ne ɗan gidan da ke da katafaren gida a bakin teku, ba a taɓa nuna shi yana tunanin kuɗin haya ko na makaranta ba. Mai irin wannan rayuwa ba wuya ya ce kowace rana abar so ce. Fim ɗin kuma ya maimaita saƙon da baki a ƙarshe bayan ya riga ya nuna shi da hoto, abin da bai zama dole ba.

In za ka sake kallo, ka gwada wannan: ka bar bin Tim, ka bi fuskar Bill Nighy tun daga fitowarsa ta farko, kana sane da cewa mutumin ya riga ya rayu waɗannan ranaku wataƙila sau da yawa. Yadda yake kallon ɗansa a teburin shayi ya canza mini fim ɗin gaba ɗaya. Ka kuma kalla tare da matarka ko 'yar'uwarka, ka bar ta ta fara magana bayan an gama. Tawa har yau tana kan bakanta cewa Mary ta cancanci a gaya mata, kuma duk lokacin da na ce mu sake kallo, sai ta ce in fara daga wurin auren.