Yadda za ka ziyarci tsibiran Bijagos ba tare da ka zama matsala ba

In ka ƙudurta zuwa tsibiran Bijagos na ƙasar Gini Bisau, abu na farko ka ajiye agogonka gefe, domin a can teku ce ke tsara tafiya. Tsibirai 88 ne, kusan 20 kawai ke da mazauna na dindindin, kuma in ruwa ya janye sai ka ga laka shimfiɗe iya ganinka, kwale-kwale ya kafe dole a jira ruwa ya dawo. Don haka kar ka sa ranar dawowarka Bisau, babban birnin ƙasar, ta zo daidai da ranar tashin jirginka na sama, bar kwana biyu a tsakani.

Daga Bisau ake shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Bubaque, nan ne masaukai suka fi yawa. Riƙe sefa a hannu, kar ka dogara da kati, ga gidan sauro da katin rigakafin shawara, in kana da fasfo na ECOWAS ba ruwanka da biza. Rani ya fi sauƙi, Nuwamba zuwa Mayu.

Mai son tarihi ya fara da Bolama, ita ce hedikwatar Turawan Fotugal a wannan ƙasa daga 1879 har 1941, yanzu gine-ginen gwamnati sun tsattsage bishiyoyi na fitowa ta tagogi. Sai tsibirin Orango, a ƙauyen Eticoga kabarin sarauniya Okinka Pampa yake, wadda ta yi ta ja-in-ja da 'yan mulkin mallaka har rasuwarta a 1930. A Orangon ne kuma dorinar nan take mai shiga ruwan gishiri, za ku taka a ƙafa cikin ciyawa da taɓo kafin ku kai tafkin Anor, kuma wallahi in ɗan jagora ya ce tsaya nan to ka tsaya, dorina ba abokiyar wasa ba ce.

Tsibirin Poilao kam sai da izini. Mutanen yankin wuri mai tsarki suka ɗauke shi, shi ya sa ba a zama a can, kuma wannan haramcin nasu ne ya bar dubban kunkuran teku suna zuwa yin ƙwai a yashi, musamman daga Agusta zuwa Nuwamba. Hukumar IBAP, mai kula da gandun daji da kare halittu ta ƙasar, ita ce ke kula da wurin. Da dare kar ka haska musu tocila ko filashin waya, haske na rikita su, uwar sai ta koma ruwa ba ta yi ƙwan ba.

Kafin ka ɗau hoton kowa ka tambaya, in aka ce wancan dajin ba a shiga kar ka tsaya neman dalili. Ɗan jagora ka ɗauki ɗan tsibirin ka biya shi hannu da hannu. Ledar ka da gorar roba kuma ka tattara ka koma da su Bisau, can ba motar kwasar shara.