Yadda ake nuna wa yara ƙwayoyin ruwa suna riƙe juna, da kayan kicin kawai

Jama'a sallama. Na daɗe ina koyar da kimistiri a nan Katsina, kuma duk shekara abu ɗaya ne yake ci min rai, yara sun haddace ɗaurin haidirojin tsaf saboda WAEC amma ka tambaye su me ya sa ɗigon ruwa yake dunƙulewa a kan leda sai a yi tsit. Makarantarmu ba wani kayan gwaji na kirki, to sai na koma kicin, kuma wallahi ya fi min allo da alli aiki. Ga yadda nake yi, uwa a gida ma za ta iya.

A tanadi kofin gilashi, faranti, allura, tishu, leda, garin masoro, ɗan Omo da kalanzir cokali ɗaya. A ɗauraye komai sosai don ko ɗan sabulu ya rage a jikin kofi gwajin ya lalace.

Fara da leda. Shimfiɗa ta, ka ɗiga ruwa a gefe guda, kalanzir a ɗaya gefen (dan Allah nesa da murhu). Ruwan zai tsaya a dunƙule kamar dutsen ado, kalanzir kuwa sai ya baje. Kar ka yi bayani tukuna, bar su su yi ta gardama, nan ne daɗin yake.

Sai allura. Cika kofi da ruwa, ka yagi tishu ɗan ƙarami ka ɗora allurar a kai, ka ajiye a saman ruwan a hankali. Tishun zai jiƙe ya nutse, in ya ƙi ka danna gefensa da tsinke, allura kuma ta tsaya a sama abinta alhali ƙarfe ya fi ruwa nauyi kusan sau 8. Ka ce su sunkuyo su duba ta gefe, za su ga ruwan ya ɗan lotsa a ƙarƙashinta kamar fatar kalangu. In ta nutse a karon farko ba komai, goge ta ta bushe ka murza ta a yatsu ka sake.

To yanzu ne lokacin bayani. Kowace ƙwayar ruwa, wato ɗan mitsitsin ruwa mafi ƙanƙanta wanda ido ba ya gani, oksijin ɗaya ce da haidirojin biyu, kuma ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke da kusurwar digiri 104.5. Oksijin ya fi ƙarfin jan ilaktiron, wato 'yan mitsi-mitsin nan masu cajin nagatif da ke cikin ƙwayar, don haka ɓangarensa yana da ɗan caji na nagatif, ɓangaren haidirojin kuma ɗan fozitif, shi ke nan sai haidirojin na wannan ƙwayar ya jawu zuwa oksijin na maƙwabciyarta. Wannan jan shi ne ɗaurin haidirojin. Ni tashin yaran nake yi tsaye, in ce hannuwanka biyu haidirojin ne, bayanka oksijin, kowa ya dafa bayan mutum biyu, shi ma mutum biyu su dafa nasa, ka ga 4 kenan, iyakar abin da ƙwaya ɗaya take riƙewa. Sannan in ce su riƙa saki suna kama wani, don a ruwa haka abin yake, ana saki ana kamawa ba tsayawa. Waɗanda ke bakin layi ba su da kowa ta waje sai su ƙanƙame na gefe da na ciki, su ne fatar nan da ta ɗauki allura. Kalanzir ba shi da irin wannan ɗaurin shi ya sa ya baje.

Daga nan ka karya fatar. Zuba ruwa a faranti, barbaɗa masoro a kai, lakato Omo a yatsa ka taɓa tsakiya, nan take garin zai watse zuwa bakin faranti. Taɓa ruwan kofin ma, allura ta yi ƙasa. Sabulu yana shiga tsakanin ƙwayoyin saman ne ya rage musu riƙo, dalilin da ruwan sabulu ya fi ratsa tufafi kenan. Wata Bajamushiya Agnes Pockels a wajen wanke-wanke ta fara lura da irin wannan, ba ta samu shiga jami'a ba amma a 1891 aka buga bincikenta a mujallar Nature, ina son faɗa wa 'yan mata wannan.

Akwai kuskuren da nake roƙo a gyara musu tun wuri. Da yawa suna ɗauka in ruwa ya tafasa ya rabu ne ya koma oksijin da haidirojin. A'a. Ɗaurin da ke cikin ƙwayar, mai haɗa oksijin da haidirojin ɗinta, ya fi na tsakanin ƙwayoyin ƙarfi wajen sau 20, tafasa na tsakanin kawai take tsinkawa, tururi har yanzu ruwa ne. Amma duk rauninsa in ya taru ba wasa ba, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ƙwayarta ta fi ta ruwa nauyi amma da yake ba ta da irin wannan riƙon, tun a digiri 60 ƙasa da sifili ta zama iska, ruwa kuwa sai wajen 100.

Randa ma shaida ce, ka kai su su taɓa jikinta. Ruwan da ke tsattsafowa kafin ya bi iska sai ya tsinke ɗaurin nan, zafin da zai yi aikin kuma daga randar yake ɗauka, shi ya sa a zafin Afrilu ruwanta yake da sanyi.

Aikin gida da nake ba su, a sa ledar fiya wata a firiza in an kawo wuta, a duba da safe. Za ta kumbura tam, don a ƙanƙara kowace ƙwaya tana riƙe 4 ɗinta ba saki, sai su bar sarari a tsakani, girman ya ƙaru kusan kashi 9 cikin 100, shi ne ma ya sa ƙanƙara ke yawo a saman zoɓo. Leda fa na ce, kar wani ya sa kwalbar gilashi, fashewa za ta yi.