Yadda na samu tsabar kuɗin sayen raguna ba tare da caji ya cinye ni ba

Kwanaki na tashi zuwa kasuwar Achida sayen raguna, miliyan 2 nake so tsaba, don mutanen ƙauye da yawa in ka ce tiransifa sai su ja igiyar ragonsu su yi gaba. Na shiga bankina nan cikin Sakkwato tun da safe, na bi layi rana na duka, da na iso kanta yarinyar ta ce "Alhaji, dubu 500 kawai a sati, dokar Babban Bankin Najeriya, CBN, ce, abin da ya haura akwai cajin kashi 3 cikin 100." Na buga lissafi a waya, dubu 45 ke nan a banza, kai! Kuma ma wai sai na sanar tun jiya kafin su tanadi kuɗin.

Abin da na yi, na nemi jami'in da ke kula da akawun ɗina na karɓi lambarsa, wallahi da tuni na yi haka. Shi ya ce in raba abin. Na ciri dubu 500 ranar, sati na zagayowa na kira shi kwana ɗaya kafin in zo, na ƙara dubu 500, na je da katin NIN ɗina, wato na shaidar ɗan ƙasa, don kar a tsaya yi min tambayoyi. Sauran miliyan ɗaya na tura wa dillalina, mun daɗe tare, shi ya biya masu karɓar tiransifa.

Kuɗin kuma na ƙirga su nan gaban kanta, sai ga 'yan dubu-dubu guda uku yagaggu a tsakiyar bandir, nan take aka canza min.