Sabon zuwa Glasgow: kafin ka sa rigar ƙwallo, kafin ka bi waƙar 'yan kallo

A gida, rigar ƙwallo riga ce kawai. Ka tsinta a gwanjo, ka sa, ka tafi gidan kallo. A birnin Glasgow na Scotland, ɗan'uwa, kore da fari na ƙungiyar Celtic ko shuɗi na abokiyar hamayyarta Rangers magana ce kake yi ko da bakinka a rufe yake.

Asalin abin tsoho ne. Wani malamin Katolika ɗan Ireland, Brother Walfrid, ya kafa Celtic a 1887 don a samu na ciyar da talakawan gabashin birnin, yawancinsu baƙin haure 'yan ƙasarsa. Rangers, da aka kafa a 1872, ta zama ta 'yan Furotesta masu biyayya ga masarautar Birtaniya, kuma ta daɗe tana ƙin ɗaukar fitaccen ɗan wasa ɗan Katolika, sai a 1989 da ta sayi Mo Johnston. Mu da muka san yadda rikicin addini ke raba unguwanni a Kaduna da Jos ba ma buƙatar dogon bayani. A 1995 an kashe wani yaro ɗan shekara 16 a unguwar Bridgeton yana dawowa daga kallon wasan Celtic.

Shugabannin ƙungiyoyin sun daɗe suna lallashin magoya bayansu. Celtic ta fara kamfen ɗin yaƙi da ƙiyayyar addini a 1996, zamanin shugabanta Fergus McCann. Rangers ta yi nata iri-iri, har da kamfen ɗin Everyone Anyone a 2019. Kowacce tana da jami'in hulɗa da magoya baya, wanda ke zama da shugabannin 'yan kallo. A ganina dai lallashi bai yi aikin da hukunci ya yi ba. A 2019 hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta sa Rangers rufe kujeru 3,000 a filin Ibrox saboda waƙoƙin ɓatanci, aka sake maimaita hukuncin a wasan Turai na gaba a filin, har shugabannin Rangers suka ƙi karɓar tikitin magoya baya na wasan Turai da za su buga a waje. Celtic ma UEFA ta ci tararta a 2011 kan waƙoƙin 'yan kallonta.

To ga inda ya shafe ka. Waƙoƙin nan suna da daɗin amo, cikin taron dubbai baki kan ɗauka da kansa. Kada ka rera abin da ba ka san ma'anarsa ba. Kalmomin "Fenian" da "Hun" zagi ne, ko da ka ji abokin aiki yana faɗa yana dariya. An soke dokar musamman ta 2012 kan ɓatanci a wasannin ƙwallo a 2018, amma har yanzu kotu na ƙara nauyin laifi idan akwai ƙiyayyar addini a ciki, tana iya hana mutum shiga filin wasa har shekara 10. Mai zaman biza kuwa, rikodin laifi ba ƙaramin ciwon kai ba ne ranar sabuntawa.

Idan an tambaye ka wace ƙungiya kake so, ka ce Kano Pillars, a yi dariya a wuce. In kuma kana son hira, Efe Ambrose ɗan Kaduna ya buga wa Celtic, Joe Aribo da Leon Balogun sun buga wa Rangers. Ranar da ƙungiyoyin biyu za su kara, ka bar rigar a akwati, ka yi cefanenka da wuri.