Yadda nake suyar dankali yanzu a gidana na Makka

Shekara 11 ke nan ina dafa wa alhazai abinci a unguwarmu ta Shara Mansur, kuma a da idan dankalin turawa bai yi jawur ba har gefensa ya soma baƙi, ba na kwashe shi daga mai. 'Yata mai karatun aikin jinya ce ta tsaya kaina wata rana da azumi, ta leƙa kasko ta ce, "Umma, wannan ƙunar da kike so akwai wani sinadari a cikinta, akirilamaid ake ce masa."

Ba zuba shi ake yi ba, wuta ce ke haifar da shi. Idan abinci mai sitaci kamar dankali ko burodi ya sha zafin da ya haura digiri 120, a suya ko gashi, sukarin da ke cikinsa kan haɗu da wani sinadari, asfarajin, sai a same shi. Masana a Suwidin ne suka gano shi cikin abinci a 2002. Tun 1994 hukumar binciken kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake da zato mai ƙarfi suna jawo cutar, musamman bisa gwajin da aka yi wa dabbobi. Da aka bi diddigin abincin mutane, ba a samu tabbatacciyar alaƙa da kansar huhu ko maƙogwaro ba. Ni dai rigakafi ya fi magani, ga shi kuma ba ya cin ko riyal ɗaya.

Daga yanka nake farawa. Ki yi shi da ɗan kauri, domin siriri ya fi saurin ƙuna. Sai ki jiƙa shi a ruwa minti 15 zuwa 30. Za ki ga ruwan ya yi fari-fari, ki zubar, ki ɗauraye. Ki baza a tsumma mai tsabta ya bushe sosai, in ba haka ba mai zai fallatso miki. Ranar da nake da lokaci nakan tafasa shi kaɗan kafin suya, cikinsa ya nuna tun bai ga mai ba.

Wajen suyar ne ake yin kuskure. Kada mai ya wuce digiri 175. Ba ni da ma'aunin zafi, sai in jefa yanka ɗaya: ya taso da kumfa a hankali, to ya yi, mai na hayaƙi kuwa, a rage gas. Da ya yi ruwan zinare ki kwashe, kada ki jira ja. Guntattakin da suka ƙone a gindin kasko ki tsame da matsami kafin zubi na biyu.

Burodin tamis ɗin da muke ci da ful (dafaffen wake) da safe, ina yage baƙin gefensa in yar. Dahuwa da turara ba sa kawo wannan matsala, don haka fate da dafaffen dankali sun ƙaru a gidana.

Abin da ya fi ci min rai shi ne hayaƙi. Akirilamaid yana cikin hayaƙin taba, kuma jinin mai shan sigari kan ɗauki ninki uku ko fiye na wanda ba ya sha. Ita taba ba a gardama a kanta, ita ce kan gaba wajen kawo kansar huhu. Ƙanena ya zo yana yaba sabuwar suyata, kwalin sigari na leƙe daga aljihun jallabiyarsa. Na ce, "Ɗan'uwa, na gyara kaskona, saura aljihunka." Ya ce, "Yaya, ki sa ni a addu'a." Ina sa shi kullum a Harami, kuma ranar Litinin ni zan raka shi asibitin masu son daina taba.