Kurakuran da masu masana'antu suka fi yi idan banki ya zo duba muhalli, ma'aikata da shugabanci

Tun daga 2012, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idoji tara na harkar banki mai ɗorewa, neman babban bashi ya wuce kawo jingina da lissafin riba. Bankin da ke karɓar kuɗi daga hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni masu zaman kansu rance, ko daga wasu masu ba da rancen raya ƙasa, dole ne ya tambayi mai masana'anta inda ruwan dattinsa yake zuwa, yadda yake tafiyar da leburorinsa, da wanda ke sa hannu a kan kuɗin kamfani. Waɗannan ukun ne ake taƙaitawa da haruffan ESG. Masana'antu da yawa a Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, da Kakuri a Kaduna, suna da kasuwa mai kyau, amma takardunsu sukan maƙale a wannan mataki, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an yi magana, ba a kawo shaida ba. Mai dubawa ba ya neman masana'anta marar aibi. Yana neman mai kamfanin da ya san inda haɗarinsa yake, ya auna shi, ya rubuta, kuma yana da ranar gyarawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika fom da ayyukan alheri. An haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, an raba shinkafa da azumi, an dasa itatuwa a bakin titi. Duk wannan abin yabo ne, ladansa yana wurin Allah, amma tambayar banki a kan cutarwar da aikin kamfanin kansa yake haifarwa take. Majemar da ke sakin ruwan sinadari cikin rafi ba ta wanke kanta da rijiyar da ta gina a gefen rafin. Gyaran yana farawa da zagaye ɗaya: manaja da injiniya da shugaban leburori su bi masana'anta daga ƙofar shigar kaya har bakin kwatar da ruwa ke fita, su rubuta abin da ke shiga, abin da ke fita, da wanda zai iya cutuwa a kowane wuri. Daga nan a zaɓi biyar ko shida mafi girma. Su ne za a gina komai a kansu.

Kwafo takardar manufa daga intanet ma ba ya fisshe kowa. Takardar da ke maganar malalar ɗanyen mai a teku a hannun mai casar shinkafa tana tona kanta. Shafi biyu da suka ambaci injinan da ke wurin da sunan wanda ke da alhakin kowanne sun fi shafi arba'in na aro.

Sai batun alƙaluman hayaƙin da kamfani ke fitarwa, inda ake asarar da ba ta kamata ba, domin lissafin ba shi da wuya. Kowace lita ta dizal da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.68 na iskar kabon, ta fetur kuma kimanin kilo 2.3. Masana'antar da janaretocinta ke shan lita 10,000 a wata tana fitar da tan 26.8 a wata ke nan, sama da tan 320 a shekara. Ana raba lissafin hayaƙi rukuni uku, wannan shi ne na ɗaya, wato abin da kamfani ya ƙona da kansa, har da motocinsa da tukunyar tururi. Rukuni na biyu shi ne wutar da aka saya daga kamfanin rarraba lantarki, ana ɗauko ta daga takardun bil na wata goma sha biyu. Na uku ya shafi masu kawo kaya da masu jigila, kuma ba laifi a fara da biyun farko. Inda ake kuskure shi ne lissafi da rasit ɗin sayen mai kaɗai. Abin da aka saya daban, abin da aka ƙona daban. A riƙa auna tanki da sanda safe da yamma, a rubuta awannin da kowane janareta ya yi, a kwatanta da rasit a ƙarshen wata. Giɓin da ya bayyana yoyo ne ko sata, kuma gano shi kaɗai yakan biya wahalar rubutun.

Masu ɗakin sanyi da masu kamfanin ƙanƙara suna mance iskar firji. Kilo ɗaya na R-22 da ya tsiyaye yana ɗumama duniya kamar kusan kilo 1,800 na iskar kabon. Silinda ɗaya da mai gyara ya ɗura domin cike abin da ya yoye na iya fin dizal ɗin kwanaki da yawa nauyi a lissafi. Duk lokacin da aka ƙara iska a rubuta nau'inta da kilonta. Haka kuma kada a kawo jimilla ita kaɗai. Idan aiki ya ragu saboda tsadar kaya, hayaƙi zai ragu ba tare da an gyara komai ba. A raba adadin da yawan abin da aka sarrafa, lita nawa na dizal ga kowane tan na shinkafa, lita nawa na ruwa ga kowane kilo na fata, a tsayar da shekara ɗaya ta zama ma'auni, kada a canza ta don alƙaluma su yi kyau.

Ruwan datti shi ne wurin da muke ganin ya fi cancantar a kashe kuɗi, musamman a majemun Kano da ruwansu ya daɗe yana gangarawa kogin Challawa da rafin Jakara, inda manoman lambu ke ban ruwa da shi. Babban kuskure a majema shi ne tara dukkan ruwa a kwata ɗaya. Ruwan cire gashi yana ɗauke da farar ƙasa da sinadarin salfaid, ma'aunin pH ɗinsa, wanda ke sauka idan asid ya yi yawa a ruwa ya kuma hau idan ya yi kaɗan, yana kai wa 12. Ruwan tsami na jiƙa fata da na jima da sinadarin kurom kuwa asid ne. Idan suka haɗu, pH ya faɗi ƙasa da 9, sai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta tashi. Wannan iska idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce, alhali a lokacin ne take kisa. Shi ya sa lebura kan shiga rami domin yashe shi ya faɗi, na biyu ya bi don ceto shi ma ya faɗi. Dole kwatocin su rabu uku. Ruwan salfaid a riƙe shi sama da pH 10, a hura masa iska na awanni tare da ɗan manganis salfet har salfaid ɗin ya mutu kafin a haɗa shi da sauran. Ruwan kurom a tara shi a tankinsa, a zuba magnisiyam oksaid har pH ya kai wajen 8, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a narkar da lakar da asid ɗin salfa a mayar da ita cikin ganga. A jima ta yau da kullum kusan kashi ɗaya bisa uku na kurom ɗin da aka saya ba ya kama fata, yana bin ruwa ne, saboda haka wannan gyara yana dawo da kuɗi. Kuma ko da an raba kwatoci, kada kowa ya shiga rami sai an auna iskar ciki, an ɗaura masa igiya, an tsayar da mutum a sama.

Akwai kuma dabarar kunna injin tace ruwa ranar da baƙi za su zo. Ba ta ɓoyuwa. Mai dubawa zai nemi rasit ɗin sinadaran tacewa na wata shida, ya duba mitar wutar famfunan, ya tambayi inda lakar da aka kwashe ta tafi. Injin da ke aiki kullum yana tara laka, wanda ba ya aiki ba shi da ita. Samfurin gwaji ma ba a ɗibarsa ranar hutu ko da asuba kafin a fara aiki. A ɗiba a bakin mafita duk awa ɗaya ko biyu tsawon yinin aiki, a haɗa, a sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi a ranar. Sakamakon da ya wuce iyaka, tare da tsarin gyara, ya fi sakamako mai tsabta da ba wanda zai yarda da shi. Lakar kurom kuwa ba taki ba ce, kada a ba manoma ko da sun roƙa.

Masu casar shinkafa matsalarsu ta fi sauƙi. Buntu kusan kashi ɗaya bisa biyar ne na nauyin shanshera, kuma tara shi a bayan katanga a cinna masa wuta hayaƙi ne ga maƙwabta da haɗarin gobara. Tukunyar tururi mai cin buntu tana mayar da shi makamashi.

Takardun hukuma suna da lokacinsu. Dokar tantance tasirin aiki ga muhalli ta 1992 ta ce a yi nazari kafin a fara babban gini, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da shaidar amincewa. Wanda ya riga ya gina ba zai gyara da takarda mai tsohuwar kwanan wata ba. Hanyarsa ita ce binciken muhalli na masana'antar da ke aiki, wanda NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ke nema duk shekara uku, tare da tsarin kula da muhalli.

A ɓangaren ma'aikata, kalmar da ta fi jawo matsala ita ce "ai ba namu ba ne, na ɗan kwangila ne." A ƙa'ida ta biyu cikin takwas na IFC, 'yan dako da leburorin yini da ke aiki a cikin harabar kamfani suna cikin lissafi. A sa a yarjejeniyar ɗan kwangila cewa zai kawo sunaye, shekaru da takardar biyan kowa duk wata. Wanda bai kai 18 ba ba ya aiki kusa da inji, sinadari ko da dare, ko da mahaifinsa ne ya kawo shi koyon sana'a. Za a nemi shaidar biyan kashi 1 cikin 100 na albashi ga asusun NSITF bisa dokar diyyar ma'aikata ta 2010, da ta fansho, kashi 10 daga kamfani da 8 daga ma'aikaci, a kuma kwatanta albashi da mafi ƙarancin naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Cire kason ma'aikaci a albashi a ƙi tura shi cin amana ne, kuma yana fitowa fili cikin minti kaɗan.

Sayen hular kwano da safar hannu shi ne mataki na ƙarshe, amma shi ake fara yi domin yana fitowa a hoto. Bel da ke juyawa a buɗe murfi yake buƙata. Inda ƙara ta kai desibel 85 tsawon awa takwas, toshin kunne wajibi ne, alamarta kuma ita ce sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji. Ƙofar gudun gobara da aka sa wa kwaɗo don tsoron sata a canza ta da mai buɗewa daga ciki kaɗai. Littafin haɗari da ya nuna ba wanda ya ko yanke a yatsa shekara guda yana nufin ba a rubutawa, ko leburori na tsoron kora idan sun faɗa.

Wajen faɗaɗa fili, biyan diyya ta hannun mutum ɗaya, komai girmansa, yana haifar da rigimar da ke tashi bayan shekaru. A je da dagaci da mai unguwa, amma a ƙirga kowane mai amfani da filin a rana sananniya, har mai aro da makiyayin da burtalinsa ya ratsa, a biya kowa a hannunsa kuɗin da zai maye abin da ya rasa a farashin yau, ya sa hannu. A buɗe littafin koke mai kwanan wata, abin da aka yi, da ranar da aka mayar da amsa, a kuma samar wa mata hanyar kai nasu ba sai ta bakin maza ba.

Masu fitar da amfanin gona su tuna da waken Najeriya, wanda Tarayyar Turai ta hana shiga a 2015 saboda maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos, wanda iyakarsa a can miligiram 0.01 ne a kilo. Laifin a rumbun dillali ya faru, asarar ta hau kan kowa. A busar da hatsi sosai, a zuba a buhun PICS mai ninki uku da ke kashe ƙwari ta hana su iska, a sa wa kowane kaya lambar da ke nuna kasuwa da dillalin da ya fito. Waɗanda suka koma sola kuma su tanadi inda matattun batura za su je. Sayar da su ga masu fasawa a cikin unguwa watsa dalma ne, kuma Zamfara ta ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare ta kashe yara sama da 400.

Shugabanci shi ne wanda masu kamfanin gado suka fi jin nauyinsa. Aljihun Alhaji da asusun kamfani ɗaya ne, ɗansa ne akanta, ƙaninsa ne mai kawo kaya ba tare da an gwada farashi ba. Ba a hana ɗan'uwa ciniki da kamfani, amma a rubuta shi, a kawo farashin wasu biyu, kuma mai alaƙa kada ya sa hannu a biyan. Mai kamfani ya yanka wa kansa albashi, sauran ya jira rabon riba. Sa hannu biyu a kan manyan kuɗi, zaman daraktoci duk wata uku da rubutaccen bayani, da aƙalla mutum ɗaya na waje da zai iya cewa a'a. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana wa hukumar rajistar kamfanoni ta CAC duk mai riƙe da kashi 5 cikin 100 ko fiye, don haka ɓoye mai hannun jari a bayan sunan direba ko ɗan gida yana tsayar da takarda.

A ƙarshen dubawa banki yakan ba da jerin gyare-gyare masu wa'adi, kuma jerin yana shiga cikin yarjejeniyar bashi. Da yawa suna sa hannu a kan wata uku don a saki kuɗi da wuri, alhali tankin da za a gina yana buƙatar wata tara da kuɗin da ba a sa a kasafi ba. Saɓa wa'adin na iya tsayar da kaso na biyu na rancen. Kafin sa hannu a samo farashin kowane gyara, a nemi a sa shi cikin kuɗin da za a ranta, a ɗora kowanne a kan mutum ɗaya da sunansa. Ma'aunan rahoto na duniya, IFRS S1 da S2, sun fito a Yunin 2023, kuma jadawalin Majalisar Rahoton Kuɗi ta Najeriya ya sa su zama wajibi ga manyan kamfanoni daga 2028, ƙanana da matsakaita daga 2030. Manyan za su fara neman alƙaluma daga masu kawo musu kaya tun kafin nan, kuma za su nemi na shekaru biyu ko uku a jere.