Kurakuran da ke kashe dawaki a barga

Duk shekara, da zarar azumi ya raba tsakiya, sai sababbin masu dawaki su tashi haiƙan wajen ƙara wa dabbobinsu ƙiba saboda hawan sallah, kuma a nan ne ake tafka kuskure mafi muni. Dokin da ya yi watanni yana cin ciyawa da harawa, sai a wayi gari ana zuba masa gero ko dawa kwano-kwano, ana so ya yi sheƙi cikin mako biyu. Tumbin doki ƙarami ne, bai cika wuce lita 15 ba, kuma doki ba ya iya amai. Hatsin da ya yi yawa yakan zarce zuwa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, ya kumbura ciki, ko kuma zafi ya sauka a kofato har dabbar ta kasa taka ƙasa.

Haka na rasa ingarman da na fi ji da shi, bayan an bar buhun gero a buɗe kusa da turkensa. Da ya fara tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa yana birgima, sai masu ba da shawara suka taru suka yi masa ɗurar ruwan kanwa ta hanci. Wannan ɗanyen aiki ne, domin abin da aka ɗura ta hanci huhu yake iya faɗawa, sai a ƙara wa mai ciwon ciki ciwon huhu! A bargata yanzu ana ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin kwana 10 zuwa 14, a raba shi gida uku a yini, kuma ciyawa ce ke fara shiga ciki. Ruwa ba ya yankewa, tunda a zafin bazara doki yakan sha fiye da lita 30. Idan ciwon ciki ya kama shi, a janye abinci, a zagaya da shi a hankali, a kira likitan dabbobi nan take, musamman idan bugun zuciyarsa ya haura 60 a minti ɗaya, alhali na lafiyayye bai cika wuce 44 ba.

Kuskure na biyu da ke ɓata mini rai shi ne amfani da maganin shanu a jikin doki, wai ai duk dabba dabba ce. Maganin kaska mai sinadarin amitraz, wanda ake yi wa shanu wanka da shi, guba ne ga doki, yana tsayar da hanjinsa har kashi ya toshe. Duk wanda ya saye shi a kasuwa ya fesa wa dokinsa don gudun kuɗin likita, to ya tanadi kuɗin wani dokin.

Raunin ƙusa a kofato kuwa ba abin da za a shafa wa baƙin mai a manta ba ne, domin ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki, tana cikin ƙasa da kashin dawaki, kuma da wuya dokin da jikinsa ya sandare ya tashi. Rigakafinta allura biyu ce da tazarar mako 4 zuwa 6, ni kuma ina maimaitawa kowace shekara.

Sabon doki daga kasuwa, ko wanda aka aro domin hawa, ba na haɗa shi da nawa sai ya yi mako uku a keɓe da bokitinsa daban. Murar dawakin da ta ɓarke a Sakkwato da Nijar a 2019, ta hallaka jakuna masu yawa, ta hanyar cuɗanya ta bazu. Da damina a shigar da dawaki cikin barga kafin magariba, a yi musu hayaƙi, saboda ƙananan ƙwarin da ke cizo da dare su ne ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka. Maganin tsutsar ciki a auna shi da nauyin dokin, ba da ido ba. Kada a ɗora sirdi a kan miki, kuma kada mutum ya yi wa dawaki biyu allura da tsinke ɗaya.